DOKTA LADI KWALI: MAGINIYAR TUKWANE DA TA KOYA, TA KUMA KOYAR

Gabatarwa

Kowace shekara, idan lokacin shirya wannan littafi na makarantarmu ya zo, mukan zaɓi mutum guda daga cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, mu kawo tarihinsa domin amfanin ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe masu shirin barinmu. A bana mun zaɓi wata mace wadda kusan kowannenmu ya taɓa riƙe hotonta a hannu, ya miƙa wa mai ƙosai ko mai rake, ba tare da ya tsaya ya dubi fuskarta ba. Ku ɗauko takardar naira ashirin. A gabanta za ku ga Janar Murtala Muhammed. Ku juya bayanta, za ku ga wata mata tana aikin tukunya. Ita ce Ladi Kwali.

Muna da dalilin wannan zaɓi. Mun lura cewa da yawa daga cikin ɗalibanmu suna ɗaukar darasin zane da aikin hannu kamar lokacin hutu ne, waɗansu iyaye kuma sukan tambaye mu ko mene ne amfaninsa. Mu malamai ma ba mu kuɓuta daga laifi ba. Sau nawa muka koyar da ginin tukwane da alli a jikin allo, muka zana tulu, muka nuna wuyansa da gindinsa, yara suka kwafa a littafi, aka tashi ba wanda ya taɓa yumɓu? Tarihin wannan baiwar Allah ya nuna mana cewa hannun da yake yin abu da bakin da yake koyar da shi suna ciyar da juna, idan aka raba su kuwa kowanne yakan rame.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, wato mutanen da suke kiran kansu Gbagyi ko Gbari. A yau Kwali tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya, amma a wancan zamani ƙauye ne na manoma. Sunanta ba baƙo ba ne gare mu, gama mu ma a nan ƙasar Gezawa yarinyar da aka haifa ranar Lahadi Ladi muke kiranta. Kwali kuwa sunan garinsu ne ya bi ta har ya zama nata.

A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce. Ladi ba ta shiga makarantar boko ba. Makarantarta ita ce tsakar gida, malamarta ta fari kuwa wata 'yar'uwar iyayenta ce wadda ta iya sana'ar. Irin wannan makaranta ba ta da ƙararrawa, ba ta da jarrabawar ƙarshen zango. Yarinya takan fara da ɗebo yumɓu da ruwa, da tara itace da ciyawa. Daga nan a bar ta ta kwaɓa, ta tsince tsakuwa. Sai an ga hannunta ya faɗa sa'an nan za a bar ta ta gina ɗan kasko. Idan ya fashe a wuta, wutar ce ta faɗa mata sakamakonta. Malamar kuma ba ta ajiye aikinta domin ta koyar. Tana gina tata randar, yarinya tana gefe tana kallo tana kwaikwayo, gani kuwa ya kori ji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun Ladi tana budurwa aka san ta a yankinsu da kyawun aiki, har ana ba da labarin cewa sau da yawa akan saye tukwanenta tun ba su kai kasuwa ba.

Yadda take gina randa

Yana da kyau mu bayyana yadda aikin yake, domin ɗalibai su san abin da ya ba mutanen duniya mamaki. A waɗansu wurare na ƙasar Hausa maginin tukwane yakan kifa tsohuwar tukunya, ya shimfiɗa yumɓu a bayanta domin ya sami siffar gindi. Hanyar matan Gwari dabam ce. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan wani mazauni, ta nutsa hannunta a tsakiyarsa ta yi rami, sa'an nan ta riƙa jawo yumɓun sama daga ciki, hannu guda yana ja, guda yana tallafe da shi daga waje. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce take zagaya ta. Idan bangon ya tashi, sai ta murza yumɓu kamar igiya ta riƙa ɗorawa tana shafewa, har cikin randar ya buɗe, kafaɗarta ta rufo, wuyanta ya fito. A ƙarshe ta gyara bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Babu ma'auni, babu inji, amma randar takan fito a zagaye daidai kamar an auna.

Bayan ta ɗan sha iska sai a yi mata ado. Akan mirgina 'yar tufkakkiyar igiya ko ɗan sassaƙaƙƙen itace a jikinta domin a fitar da layuka, a raba jikin randar gida-gida. A cikin waɗannan gidaje ne Ladi take zana halittun da ta tashi tana gani: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsaye. Idan tukwane sun bushe sarai, sai a jera su a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa a cinna wuta. Suna fitowa da zafinsu akan yayyafa musu makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda yake ƙara musu ƙarfi da duhun launi.

Sarki da Bature

Garin da ake kira Suleja yanzu shi ne Abuja ta asali. Zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka kafa shi wajen shekarar 1828, ya kuwa sami sunansa daga Sarki Abu Ja. Bayan da gwamnati ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 ta kuma ba shi sunan Abuja, sai aka sake wa tsohon garin suna Suleja, domin girmama Sarki Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Wannan sarki tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, ya kuma yi aikin koyarwa kafin ya hau gadon sarauta. Yana da idon gane kyakkyawan aiki, saboda haka ya tara waɗansu tukwanen Ladi ya ƙawata gidansa da su. Ya kamata mu riƙe wannan, domin sau da yawa akan ba da labarin kamar Bature ne ya fara gano ta. Mutanenta da sarkin ƙasarta sun riga shi.

Baturen shi ne Michael Cardew, wanda aka haifa a Ingila a 1901. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, amma ya zaɓi ginin tukwane, ya zama almajirin wani gwani mai suna Bernard Leach a 1923. A 1942 ya zo Kwalejin Achimota a ƙasar da ake kira Gana yanzu, daga baya ya kafa wurin aikinsa a Vume, bakin kogin Volta, inda ya sha wahala ƙwarai, abin bai yi masa yadda ya so ba. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi aiki a matsayin jami'in kula da sana'ar tukwane. Ya zaga ƙasar nan yana duba yumɓu da aikin magina. A cikin wannan zagaye ne ya ga tukwanen Ladi a gidan Sarkin Abuja, suka kuwa kwanta masa a rai.

Ya zaɓi Abuja domin akwai yumɓu mai kyau, akwai itace da ruwa, ga kuma goyon bayan sarki. Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta fara aiki a 1952. Manufarta ita ce a koya wa 'yan ƙasa yin kwanoni da kofuna da butocin shayi masu ƙyalli irin na tangaran, daga ƙasa da duwatsun Nijeriya, maimakon a riƙa sayowa daga waje. Abin mamaki, ko da yake cibiyar tana tsakiyar ƙasar da mata ne gwanayen sana'ar, ɗalibanta na farko duk maza ne.

Gwana ta koma ɗaliba

A watan Disamba na 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ku yi tunani a kan wannan. Tana kusa da shekara 30, sunanta ya riga ya fita, tukwanenta suna gidan sarki. Duk da haka ta yarda ta zauna cikin samari ta fara daga tushe. Mu da muke koyarwa mun san ba abin da ya fi wa gwani wuya kamar a gan shi yana kuskure irin na ɗan koyo.

Kusan kome sabo ne. A da ita take zagaya tukunya, yanzu sai ta zauna wuri ɗaya, faifai mai juyawa ya riƙa juya yumɓun a tsakanin hannayenta. Ta koyi haɗa yumɓu mai jure zafi, da shafa ruwan ƙyalli wanda ake haɗawa daga niƙaƙƙen dutse da toka da ƙasa. Ta koyi gashi a ginanniyar matoya mai amfani da itace, inda zafi yake wuce digiri 1,200, alhali wutar fili da ta saba da ita ba ta kai kusa da haka. Ta yi kwanoni da faranti da kofuna, ana buga musu hatiminta mai haruffa biyu, LK.

Amma ba ta watsar da abin da ta zo da shi daga gida ba. A kan kwanonin da ta yi da faifai takan shafa ruwan ƙasa mai wani launi, sa'an nan ta ɗauki ƙayar beguwa ta zana ƙadangarunta da kifayenta, launin da ke ƙarƙashi ya fito. Manyan randunanta kuwa ta ci gaba da gina su da hannu kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai da sabon yumɓu. Akan cika layukan zanen da farar ƙasa, a rufe da ruwan ƙyalli wanda ake hango abin da ke ƙarƙashinsa, a gasa da wuta mai tsanani. Abin da ya fito wani sabon abu ne da ba a taɓa gani ba, ko a Kwali ko a Ingila: siffa da zane na Gwari, ƙarfi da ƙyalli na tangaran.

Malami ya koma ɗalibi

Sau da yawa akan tsaya a kan abin da Cardew ya koya wa Ladi, a manta da abin da shi ya kwasa. Mutumin da aka aiko ya koyar ya tarar da mata waɗanda suke gina randa mai girma da hannu kawai, bangonta siriri, ba ta kuwa fashewa a wutar ciyawa. Ya girmama wannan aiki, ya kuma nuna a rubuce-rubucensa cewa tukwanen gargajiya sun dace da bukatun masu amfani da su, bai kamata a nemi kawar da su ba.

Aikin hannunsa ma ya sāke. Akwai wata tukunyar miya mai murfi da ya riƙa yi, wadda ya ɗauko siffarta daga tukwanen wannan ƙasa, har yau masu sana'ar a Ingila suna kiranta da sunan Gwari. Littafinsa mai suna Pioneer Pottery, wanda ya fito a 1969, ya tsiro ne daga wahalar da ya sha a Gana da Nijeriya wajen neman ƙasa da duwatsu, da gwada su, da bayyana wa ɗalibai dalilin kowane mataki. Da ya zauna a Ingila yana sayen haɗaɗɗen yumɓu a kanti, da bai sami abin rubutawa haka ba. Koyarwa ta tilasta masa ya fahimci abin da a da hannunsa kawai ya sani.

Ɗakin Gwari

Shigar Ladi ta buɗe wa waɗansu mata ƙofa. Bayanta Halima Audu ta zo, sa'an nan Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa. An keɓe musu wani ɗaki a cibiyar wanda ake kira Ɗakin Gwari, inda suke gina manyan randuna da hannu. Ta haka tsohuwar makarantar tsakar gida ta sami mazauni a cikin makarantar gwamnati, masu koyon faifai suna shiga suna ganin aikin hannu, matan kuma suna ganin aikin matoya.

Randunan waɗannan mata ne suka fi jawo wa cibiyar suna. An nuna kayan Abuja a wani gidan nuni da ake kira Berkeley Galleries a Landan a 1958 da 1959 da 1962, aikin Ladi kuwa shi ne ya fi ɗaukar hankalin masu kallo da masu saye. An kuma nuna shi a Legas lokacin bikin samun 'yancin kai a 1960. Ƙananan wuraren aiki da aka gwada buɗewa a Kano da Sakkwato ba su ɗore ba, amma ta Abuja ta tsaya, sunan da Ladi ta samo mata yana cikin abin da ya riƙe ta. Albarkacin kaza ƙadangare yakan sha ruwan kasko. Sa'ad da Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya karɓi shugabanci, Ladi kuwa ta ci gaba da aikinta a nan.

Aji mai faɗin duniya

A farkon shekarun 1960 aka kai ta Ingila, inda ta gina tukwane a gaban malamai da ɗaliban manyan makarantun zane, har da Royal College of Art ta Landan da makarantar garin Farnham. Ta yi haka a Faransa da Jamus. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew da wani abokin aikinsu ɗan Gana mai suna Kofi Athey, suna bi kwaleji-kwaleji suna nuna aiki.

Ku dubi irin wannan aji. Malamar ba ta da takardar shaida ko guda, masu sauraronta kuwa waɗansunsu shaihunan malamai ne. Ba ta zo da rubutacciyar lacca ba. An ajiye mata curin yumɓu a tsakiyar zaure, ta sunkuya ta fara zagaya shi, kafin wani lokaci randa ta tsaya a gabansu. Darasin ke nan, kowa kuma ya gane shi ko da bai ji harshenta ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka amfana da ita ita ce Magdalene Odundo, 'yar ƙasar Kenya, wadda aka haifa a 1950. Tana ɗaliba a Farnham ta zo Abuja a 1974, ta zauna tare da Ladi da sauran matan tana koyon gini da hannu. Daga baya ta zama ɗaya daga cikin shahararrun magina na duniya, ta zama farfesa, a 2018 kuma aka naɗa ta uwar jami'ar da makarantar Farnham take cikinta. Da hannu take gina tukwanenta, ba da faifai ba. Wato abin da wata tsohuwa ta koya wa yarinya a tsakar gida a Kwali ya bi hannu-hannu har ya shiga azuzuwan jami'a a Turai. A gida ma, Danlami Aliyu, wanda ya koyi aiki a cibiyar, ya buɗe nasa wurin a Minna ya koyar da waɗansu.

Me koyarwa ta ƙara wa Ladi ita kanta? Mu da muke wannan aiki muna iya ba da amsa daga abin da muka sani. Wanda yake aiki a gaban masu kallo ba shi da wurin ɓoye ha'inci, dole kowane motsin hannunsa ya zama mai dalili. Bugu da ƙari, a zamanin da faifai da inji suke neman sa a raina aikin hannu, ita kullum ana roƙonta ta sake nuna tsohuwar hanyar. Wannan ya sa hanyar ba ta tsufa a hannunta ba, ta ci gaba da gogewa har ƙarshen rayuwarta.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye asara. Kowa a cikinmu ya san dalilin da ya sa ruwan randa yake da sanyi ko a tsakiyar bazara. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana busar da shi, tana tafiya da zafin. Randar da aka shafa wa ruwan ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ta toshe, ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ga ta da nauyi, ba mai ɗaukarta zuwa rafi. Ga tsada, matar manomi ba ta iya saye. Randunan Ladi na Abuja sun tashi daga kayan amfanin gida sun koma kayan kallo. A yau ana samunsu a manyan gidajen adana kayan tarihi, kamar Victoria and Albert a Landan da gidan kayan fasahar Afirka na Smithsonian a Washington.

Waɗansu masana suna ganin wannan ci gaba ne, gama ya sa duniya ta girmama aikin matan ƙauye. Waɗansu kuwa suna ganin an raba randa da aikinta. Mu a namu ganin duka biyun suna da gaskiya, muna kuma so ɗalibanmu su saba da riƙe gaskiya biyu a lokaci guda. Wannan muhawara ba a kan tukwane kaɗai ta tsaya ba. A 1958, shekarar da aka fara nuna kayan Abuja a Landan, waɗansu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna neman a haɗa dabarun da Turawa suke koya musu da fasahar iyayensu. Abin da suke nema da muhawara, Ladi tana yinsa da hannu a Abuja. Su ma yawancinsu sun zama malamai, ba su kuwa daina zane ba.

Girmamawa da rasuwarta

A 1963 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta, macen da ba ta taɓa zama a benci na aji ɗaya ba. A 1980 ta karɓi lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa waɗanda suka yi fice a ilmi da fasaha, wato NNOM, a 1981 kuma aka ba ta OON. An sa wa cibiyar da ta yi aiki kusan shekara 30 a cikinta sunanta, haka kuma wani titi a Babban Birnin Tarayya.

Cardew ya rasu a 1983. Ladi ta bi shi ranar 12 ga Agusta, 1984, a Minna, tana da shekara kusan 59. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sabuwar takardar naira ashirin da hotonta a baya. A 2022 aka yi wani babban nuni a Landan wanda ya fara da aikinta, ya bi sawun mata baƙaƙen fata masu aikin yumɓu da suka biyo bayanta.

Darasi gare mu

Na farko naku ne, ɗalibai. Kada ku raina sana'ar da kuka tarar a gidajenku. Da yawa cikinku 'ya'yan manoma ne, da masaƙa, da maƙera, da masu ɗinkin hula, da masu saƙar tabarma da faifai. Waɗansunku suna jin kunyar faɗin haka a makaranta. Ladi ta shiga gaban shaihunan malamai da abin da ta koya a tsakar gida, shi ne kuwa ya ɗaukaka ta. Amma ku lura, ba ta ce abin da ta sani ya ishe ta ba. Ta riƙe na gida, ta ƙara da na waje.

Na biyu namu ne, malamai. Dukan malaman da suka fito a cikin wannan tarihi masu yi ne da hannunsu: tsohuwar Kwali, da Cardew, da Ladi, da Odundo. Ba wanda ya ajiye aikinsa domin ya zama malami, ba kuma wanda koyarwa ta rage masa gwaninta. Mu fa? Akwai a cikinmu wanda ya iya zane sa'ad da yake kwalejin horon malamai, amma yau shekara 20 bai zana kome don kansa ba. Akwai malamin Hausa da yake koyar da insha'i, shi kuwa rabonsa da rubuta shafi guda tun yana ɗalibi. Mukan fake da yawan aiki da ƙarancin albashi, waɗannan kuwa gaskiya ne. Amma yara suna ganewa. Malamin da ya daina yi, a hankali darasinsa yakan koma haddar abin da ke littafi, ya kasa amsa tambayar yaron da tukunyarsa ta tsage, domin shi kansa ya manta yadda tsagewa take.

Na uku na dukanmu ne. Robobi da jarkoki da tukwanen ƙarfe sun cika kasuwanninmu, layin masu sayar da tulu da randa kuwa yana ta raguwa. Tsofaffin da suka iya ginin suna nan a ƙauyukan da ke kewaye da mu, amma ba za su dawwama ba, sana'ar da ba a rubuce take ba kuwa takan bi mai ita kabari idan ba wanda ya karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna ba da shawara cewa a zango mai zuwa mu gayyato ɗaya daga cikinsu, a ba ta inuwar bishiya da yumɓu da ruwa, a biya ta haƙƙinta kamar kowane malami, mu da ɗalibai mu naɗe hannun riga mu zauna a gabanta. Sarkin Abuja bai ji kunyar ƙawata gidansa da aikin 'yar ƙauye ba, mutumin Oxford bai ji kunyar koyo daga wurinta ba, mu ma ba mu da dalilin jin kunya.

Ga 'yan ajin ƙarshe, muna yi muku fatan alheri. Duk abin da kuka koya a nan, ku yi aiki da shi, ku kuma koya wa na bayanku, gama ta haka ne zai zauna muku. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.